Rabin Ƙwaya

Habi ta sunkuyo ƙofar bukkar da ƙwaryar kunu a hannu, daidai lokacin da mijinta ya tsaga ƙwayar maganinsa biyu da farce, yadda ake tsaga goro. Ya jefa rabi a baki, ya miƙa wa Isufu rabi. Isufu ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Allah shi ƙara arziki."

Ta ajiye ƙwaryar, ta gyara goyon ɗiyarta Uwale, ta fita.

Wata biyu ke nan suna zaune a bukkokin zana da ke bayan likitar Dakoro, asibitin garin. Lokacin da motar hoton Nasara ta zagaya ƙauyuka, an haska ƙirjin mijin nata Zakariya'u, lokotoro, Nasaran da ke duba marasa lafiya, ya ce ba tarin fuka ba ne, tsiro ne a huhu, ciwon daji. Su takwas aka tattaro. Majo Bubakar, shugaban ma'aikatan likitar, shi ya yi tafinta: akwai sabon magani daga Faransa, ba wanda ya san ko yana aiki, gwadawa za a yi. Aka zuba takardu a hular lokotoro, kowa ya zari ɗaya. Huɗu aka ɗaura musu jan zare a hannu, su ne masu sabuwar ƙwaya. Huɗu farin zare, su ci gaba da ruwan tari na da. Wanda ya karya doka a tsinke zarensa ya koma gida.

Zakariya'u ya zari ja. Isufu ya zari fari. Shi makiyayi ne daga arewa, fari ya cinye masa dabbobi, ba wanda ya rako shi. Aka haɗa su bukka ɗaya, akushi ɗaya.

Ita kuwa Habi ba ta da kowa a Dakoro. Mutanen ƙauyensu, Mai Yara, suna can suna yankan gero. A rumfar matan jinya take kwana, tsofaffi ne duka, hirarsu ba tata ba ce. Da Uwale take magana, yarinyar da ko zama ba ta iya ba.

Sai da Isufu ya lallaba ya fita shan hantsi ta koma ciki.

"Maigida, tun yaushe?"

"Mi?"

"Na gani."

Zakariya'u ya yi tari mai tsawo, ya share baki da tsumma, ya naɗe tsumman da sauri. Tsohon soja ne, daga can ya dawo da sigari da tarin.

"Tun sati na biyu."

"Ba goro ba ne. Magani ne, an auna maka shi."

"To ya kike so in yi? Majo ya zo ya ba ni, mutum yana zaune nan, gwiwarsa na taɓa tawa. In haɗiye yana kallo? Ko kare ba ya haka."

"Ƙuri'a ce ta ba ka."

"Ƙuri'ar hular Nasara." Ya yi murmushi. "Hannunsa ne ya riga nawa shiga, shi ke nan. Da nawa ne ya riga, da takardata ce ya ɗauka."

"Ita wannan fa?" Ta juyo masa da goyon. Sunan uwarsa yarinyar ta ci, shi ya sa ake ce mata Uwale. "Rabin uba za ka bar mata?"

Ya dubi ɗiyar, ya kawar da kai. "Kwana na Allah ne, Habi."

Ranar ce kuma lokotoro yake zuwa daga Maraɗi. Da azahar motarsa ta tsaya, aka fito da sikeli bakin baranda, aka jera mutum takwas a kan benci. Habi ta tsaya daga nesa, inda take iya ganin allurar sikelin ko da ba ta san lambobin ba. Fuskar majo take karantawa.

Zakariya'u ya hau, majo ya faɗi lamba, lokotoro ya rubuta. Isufu ya hau, majo ya faɗi lamba, ya sake duba sikelin. Lokotoro ya daɗe yana sauraren bayansu da roba a kunne, na wannan, na wancan. Ya ɗaga kafaɗa, ya yi magana da majo.

Da aka watse Habi ta tare majo wajen randar ruwa, ta durƙusa.

"Majo, mi ya ce?"

"Ya ce mijinki da na bukkarsa duk kanwar ja ce. Mai ja bai fi mai fari ba." Ya wanke hannu yana magana. "Sauran jajayen uku, biyu sun ɗan farfaɗo, ɗaya a'a. In wata mai zuwa haka ya gani, zai rubuta cewa ƙwayar ba ta da amfani, a daina aiko ta."

"A daina wa kowa?"

"Kowa."

Habi ta gyara goyon. In ta faɗa, za a tsinke zaren, su koma Mai Yara hannu wofi. In ta rufe baki, rabi zai ci gaba da sha har a daina aikowa.

"Majo, bukkar nan tasu tana da zafi. Isufu kuma tarinsa na hana maigida barci. Ba a raba su? Kuma da safe, in ba damuwa, ya riƙa haɗiye ƙwayar a gabanka. Hannunsa na rawa, kar ta faɗi."

Majo Bubakar ya daina wanke hannu. Ya dube ta, ya dubi bukkokin. Mutumin Tasawa ne, ya san ba a cin goro ba a tsaga wa na kusa ba.

"Kar ta faɗi," ya ce a hankali.

"I."

"Ban ji komi ba, yarinya. Ke ma ba ki faɗi komi ba."

Kafin la'asar aka ɗauke tabarmar Isufu zuwa bukkar ƙarshe, ta kusa da makewayi. Kayansa ba yawa: buta, sanda, bargo. Da kansa ya ɗauka, yana tsayawa yana hutawa.

Habi ta tuƙa tuwo kamar kullum, sai dai yau ta raba shi biyu. Ta fara kai wa Isufu. Ta same shi zaune yana juya farin zaren a hannunsa.

"Ga tuwo, Baba."

"Sannu, ɗiyata." Ya karɓa. "Ke ce ko?"

Ta sunkuyar da kai.

"Da ina da mace, haka zan so ta yi. Tahi, kar nasa ya huce."

Da zagi ya yi mata da ya fi sauƙi.

Zakariya'u na jingine da zana, yana kallon gurbin da tabarmar ta bari a ƙasa. Ta ajiye akushin, ta buɗe, ta zuba miya, ta koma bakin ƙofa ta zauna tana shayar da Uwale, bayanta gare shi, yadda ta saba tun da aka kawo ta gidansa. Ta kasa kunne ta ji ƙarar loma. Ba ta ji ba.

Rana ta yi ƙasa. Garken shanu ya wuce ta hanyar kasuwa. Ta waiwaya. Tuwon na nan yadda ta ajiye shi, miyar ta fara yin fata.

"Maigida, ka ci. Ƙwayar ba ta zama a cikin da ba komi."

"Ba ni jin yunwa."

"Fushi kake?"

"A'a." Ya dubi akushin. "Tun ina yaro ban taɓa sa hannu a akushi ni kaɗai ba. Ko a bariki. Ba ya wucewa."

Habi ta dubi waje. Tsofaffin rumfa na zaune inda suke hango cikin bukkar sarai, kuma ta san abin da za su ce. Uwarta ba ta taɓa ci da ubanta ba, kakarta ma haka.

Ta kwantar da Uwale a kan zane. Ta ɗauki buta ta wanke hannun dama. Ta zo ta zauna a gurbin tabarmar, gwiwarta na taɓa tasa, ta gutsuri tuwon daga gefenta.

"Bismilla," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ta tauna, ta haɗiye da ƙyar, ta sake gutsura. A loma ta uku hannunsa ya shigo akushin.