Kifin Shetu

Gida ɗaya muke haya a Mesaimeer, wata unguwa a Qatar, ɗaki biyu, kicin ɗaya, banɗaki ɗaya. Ni Liatu da mijina Jesse, wanda nake kira Baban Jael, muna ɗakin ƙurya, Gafaru da matarsa Shetu suna na bakin ƙofa. Ni nas ce, Jesse kuma gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, mu mutanen Kafanchan ne. Su 'yan Zangon Kumasi ne. Gafaru ne ke kula da masu lodin akwatuna a filin jirgi, Shetu ba ta aiki. Ya ɗauko ta daga gidan uwarta, inda ba a taɓa rasa hayaniya a tsakar gida, ya kawo ta ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta.

Ban san wanda ya fara nuna wa Gafaru bidiyon Turawan Amurka masu kamun kifi ba, amma ko wane ne, ban yafe masa ba. Turawan nan wani kifi suke kamawa mai suna bas, a tafkunan ƙasarsu, cikin ruwan daɗi. Gafaru bai tsaya tambayar ko akwai bas a Qatar ba. Ya dai ga mutum tsaye da hula da baƙin tabarau yana wurga zare, zuciyarsa ta ce masa ai kai ne wannan.

Sai kwalaye suka fara isowa. Sanda ta farko doguwa ce, ta biyu ta fi ta tauri, ta uku kuma, in ji shi, bakinta ya fi saurin lanƙwasa. Kowace da nata ril, ƙaramin injin nan da ke naɗe zare. Wanda ya fi ƙauna shi ne mai zama a saman sanda, wanda sai ka danne zaren da babban yatsa in ka wurga. Yatsan Gafaru kullum a makare yake, sai zaren ya cukurkuɗe kamar gashin da ya yi wata bai ga mataji ba, ya zauna yana warwarewa yana yabon kamfanin da ya ƙera shi. Koto kuwa, abin da ake maƙala wa ƙugiya, ba ya amfani da na gaske. Tsutsar roba ce, da kifin roba, da wani koren kwaɗo na roba mai ƙugiya a ciki.

Na ce masa, "Gafaru, tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin kwaɗo a teku?"

Ya ce, "Anti, ai shi ne sirrin. Abin da kifi bai taɓa gani ba, shi zai ba shi mamaki sosai paa. Yana mamaki sai ya cafka."

Sandunan ba a jingine su a bango, wai za su karkace, don haka ya kafa musu ƙusoshi a saman gado. Akwatunan koto ba sa son zafi, don haka tukwanen Shetu na aure suka sauko daga saman durowa suka koma ƙarƙashin gado. Juma'a ita ce kaɗai ranar hutunsa. Da ya idar da sallar asuba sai bakin teku a Wakrah, ya dawo ya tafi masallaci, ya ci abinci, sannan ya kulle kansa a banɗaki yana wanke ril da ruwan ɗumi, don gishiri yana cin ƙarfe. Ya goge su da tawul, ya ɗiga musu mai, ya kara kunne yana sauraron yadda suke juyawa. Mu masu jin fitsari sai mu yi haƙuri.

Ciwon ya kama mijina ma, amma shi nasa da sauƙi. Bai sayi sanda ba, ya zama mai ɗaukar hoto. Shi ke bin Gafaru da waya yana ɗaukar bidiyon da suke zubawa a rukunin masu kamun kifi.

Abin da ya fi ci mini rai, duk wannan hidima ko ƙayar kifi ba ta taɓa shigowa gidan ba. Da farko na ɗauka ba ya kamawa ne, har ina tausaya masa. Ashe yana ɗan kamawa jefi-jefi. Mayarwa yake yi. Haka Turawan bidiyon ke yi: su kama, su sumbaci kifin, a ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa. Gafaru ya haddace wannan kamar karatun allo.

Ya ce, "Anti, mu ba masunta ba ne. Wannan ilimi ne. Wanda ya iya, ba ya ci."

A Kafanchan, mutumin da ya kama kifi ya mayar da shi ruwa da hannunsa, wurin fasto za a kai shi a yi masa addu'a.

Shetu ba ta da hayaniya, shi ya sa na daɗe ban gane yadda abin ya ci ta ba. Wata rana na dawo daga aiki na same ta a kicin tana yanka albasa, albasar ta ƙare amma hawayen bai tsaya ba. Ta gaya mini wanta Rashad zai yi aure wata mai zuwa, an riga an yanka mata tikitin Kumasi.

Ta ce, "Anti Liatu, in na tafi bikin nan, ban san ko zan dawo ba. Kwana shida ina jiran Juma'a, Juma'a ta zo teku ya ɗauke. Mma, mahaifiyata, tana tambaya ta a waya, wai mijinki mai kamun kifi, yau me kuka dafa? Sai in nuna mata gwangwanin sadin."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina son yarinyar nan. Da Gafaru ya dawo na tare shi a bakin ƙofa, ban yi masa kwana-kwana ba. Na ce matarka za ta tafi, kuma in ba ka ba ta Juma'a ɗaya kafin tafiyar ba, kada ka sa ran za ka sake ganin ta a ƙasar nan. Fuskarsa ta canja, na ga maganar ta shige shi. Ya ce na gode Anti, na fahimta, khalas, magana ta ƙare. Na shiga ɗaki ina yaba wa kaina.

Fahimtar da ya yi ita ce Shetu tana bukatar tata sandar.

In faɗi gaskiya, ya ba abin muhimmanci. Ya tsayar da ita a falo ya auna tsawonta. Ya riƙe wuyan hannunta yana juyawa don ya san nauyin da za ta iya ɗauka. Ya ce ril mai zama a sama ya fi ƙarfin ɗan koyo, ita mai rataye a ƙasa za a saya mata, wanda zarensa ba ya rikici. Ya tambaye ta kalar da take so. Ita kuwa baiwar Allah sai murmushi take yi, don rabon da ya tsaya ya kalle ta haka tun tana amarya. Sandar ta iso, siririya, ruwan hoda. Ta sa mayafi mai irin kalar ranar da za mu tafi.

Na bi su, don ba ni da aiki ranar, kuma ban yarda da mazan nan biyu ba. Muka isa Wakrah da sanyin safiya, muka wuce inda jiragen katako ke ɗaure, muka sauka kan wasu duwatsu. Gafaru ya sa rigarsa mai aljihu ko'ina, ya fara darasi. Yadda ake tsayawa, yadda ake buɗe ril, yadda ake girgiza bakin sanda don tsutsar roba ta yi kamar mai rai. Shetu ta wurga, tsutsar ta faɗa nan kusa da ƙafarta. Ya ce ba laifi, ta ci gaba, shi zai matsa can gaba inda manya suke. Ya ja Jesse suka tafi. Juma'ar da ya ba ta ke nan.

Ta zauna a kan dutse kusa da ni, sandar a cinyarta, zaren a ruwa, muna hirar ankon biki. Can sai sandar ta fizge, saura kaɗan ta bar hannunta. Ta ƙwalla ƙara ta miƙe. Ril ya fara kuka, bakin sanda ya sunkuya har yana neman taɓa ruwa.

Gafaru ya taho da gudu yana tsallake duwatsu. "Ɗaga sanda! Kar ki ja da ƙarfi! Naɗa! A'a, bar shi ya gudu! Yanzu naɗa! Masta Jesse, yalla, maza kunna waya!"

Mayafinta ya zame, takalminta ɗaya ya faɗa ruwa, ba ta ma sani ba. Ta dage, ta ciji leɓe, tana naɗawa tana kiran sunan Allah. Da kifin ya taso Gafaru ya sa raga ya kwaso shi. Hamur ne, irin wanda Larabawan nan ke ji da shi, mai ɗigo-ɗigo, ƙaton baki, tsawonsa ya kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsu har ya ɗara.

Ban taɓa ganin Shetu ta yi irin wannan dariya ba. Tana tsalle da takalmi ɗaya tana rarraba kifin tun yana numfashi. "Kan nan miyar barkono! Tsakiyar a gasa, da banku da shito! Anti, wutsiya taki ce, kar ki ce ban ba ki ba! Bari in kira Mma ta gani!" Ta zaro waya ta danna kiran bidiyo.

Gafaru ya cire ƙugiyar da ɗan ƙarfensa na musamman, ya riƙe kifin a leɓe yadda Turawan ke yi, ya juya wajen Jesse ya gyara hula.

Ya ce wa waya, "'Yan'uwa, kun gani. Mace ce, yau ta fara. Ba ƙarfi ba ne, chale abokaina, zaɓen kaya ne. Sanda mai laushi, zare daidai, tsutsa mai kalar kankana."

Sannan ya sumbaci kifin a ka. Na kau da kai don ƙyama. Da na juyo, ya durƙusa a bakin ruwa. Ni da Shetu duk mun ɗauka wanke shi zai yi.

Ya sa kifin a ruwa, hannu ɗaya a ƙarƙashin cikinsa, ɗaya a wutsiya, yana kai shi gaba yana dawo da shi a hankali. Ya sassauta murya, wata irin murya da ban san yana da ita ba.

"Sannu. Sannu, ka sha wahala. Yi haƙuri, ka ji? Huta tukuna, ba sauri muke ba. Ka gaji, na sani. To, je ka gida, 'yan'uwanka suna jiran ka."

Ya buɗe hannu. Kifin ya kaɗa wutsiya sau ɗaya ya nutse.

Daidai nan uwar ta ɗauki waya. Muka ji muryarta tana cewa, "Shetu? Shetu, me za ki nuna mini?" Shetu ta kalli wayar, ta kashe.

Ta ce, "Maigida, ashe ka iya lallashi."

Ya miƙe yana goge hannu a wando, fuska cike da fara'a. "Sai an koya. In ba ka lallashe shi ba, yana iya mutuwa bayan ka sake shi. A hankali ke ma za ki iya."

Nan na fashe. Na ce masa kifin nan nasa ne? Shi ya kama? Wa ya tambaya kafin ya zubar? Na haɗa da mijina, na ce Baban Jael, in ba ka sauke wayar nan ba ita ma za ta bi kifin. Gafaru ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce in dai kifi ne, ai ga kasuwa nan kusa, hamur ya cika ta, zai sayo mata biyu yanzu-yanzu.

Shetu ta ce, "Bar shi, Maigida. Ba na jin yunwa." Ta cire ɗayan takalmin ta riƙe a hannu, ta taka zuwa mota ba takalmi.

Bayan masallaci ya shiga banɗaki da sanduna huɗu, har da tata. Muna jin sa yana waƙa yana zuba ruwa. Shetu ta ƙwanƙwasa ƙofarmu ta ce in ara mata babban akwatina, nata ba zai isa ba. Na ce kayan biki ne har akwati biyu? Ta ce har da tukwane. Ban hana ta ba. Na zauna na taya ta naɗe su cikin zannuwa, ina jin haushin namiji da bai taɓa zaginta ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma bai san ya yi komai ba.

Ranar tafiyarta Gafaru yana bakin aiki a filin jirgi. Ya gaya mana da alfahari cewa shi da kansa ya tsaya aka loda akwatunanta, ya sa aka liƙa musu takardar kaya masu saurin karyewa don kada a wurgar.

An yi bikin Rashad an watse tuni, zafi ya shigo ya fita, Shetu ba ta dawo ba. Bidiyon kifin ya samu masu kallo da yawa, har wani Bature ya rubuta wa Gafaru yabo, ya nuna wa duk wanda ya shigo gidan. Yanzu gwangwanin sadin shi ke buɗe wa kansa.

Jiya ya same ni a kicin, waya a hannu. Ya rame, rigar aikin ta yi masa yawa. Ya ce ya bincika, akwai wani tafki kusa da Kumasi, ruwan daɗi ne, irin na bidiyo sak. Yana so ya aika wa Shetu sandarta ta hannun wani mai tafiya, da sabon zare, amma ya rasa wanda za ta fi so, kore ko fari.

Na ce ya kira ta ya tambaye ta mana.

Ya ce, "Ina kira, Anti. Ba ta ɗauka."