Igiyar Araba

Mu da kanmu muka ɓata komai ranar Alhamis, kuma da gaisuwa muka ɓata shi.

Mu bakwai aka tara daga sassa daban-daban na asibitin gunduma, horon mako biyu kan yadda za mu haɗa hannu mu kula da masu lalurar galahanga. Ni Efua Baiden, nas ce. Akwai Dokta Brew na haƙori, akwai Naa Dedei mai koyar da magana, da wasu huɗu. Mai horar da mu, Madam Dzifa, ta zo daga Accra da ƙaramar jaka ɗaya, kuma ba ta son surutu.

A rana ta huɗu aka kawo mana Araba. Shekararta ashirin da biyu, ba ta taɓa furta kalma ba. Kuncinta na hagu ya kumbura kamar ta cusa lemo a ciki, kwana tara ba ta sa komai a baki ba sai koko. Mahaifinta, Egya Ansah, mai ɗinkin komar kamun kifi ne a bakin tekun Anomabo. Shi ya riƙo ta.

Suna zama muka miƙe yadda iyayenmu suka koya mana. Muka jeru daga dama zuwa hagu, kowa ya miƙa hannu, kowa da tasa sannu da zuwa. Dokta Brew har da ƙyasta yatsa, irin na musafahar mutanen Gana.

A hannu na uku Araba ta toshe kunnuwa ta saki wata ƙara da ta sa gilashin taga rawa. Ta ture tiren kayan aiki, ta buga goshi da bango sau biyu, ta fice a guje. Sai a gindin bishiyar kwakwa da ke bakin ƙofa mahaifinta ya cim mata.

Da ya dawo, ko zama bai yi ba.

"Shekara uku da suka wuce ƙarti huɗu suka danne ta aka yi mata allura," in ji shi. "Wata bakwai ba ta fito daga ɗaki ba. Ba za a sake ɗaure mini 'ya ba. In ba za ku iya ba, ku faɗa mini, in mayar da ita gida."

"Egya, ƙurjin nan in ya gangara wuya kashe ta zai yi," in ji Dokta Brew. "Minti goma nake buƙata. A riƙe mini ita minti goma kawai."

"To ta mutu a gida, hannunta a sake."

Madam Dzifa ta tashi ta jawo kujerarta, wadda ke kan gaba a teburin, ta ajiye a gaban tsohon.

"Egya, zauna nan. Kai ne malaminmu yau."

Ya dube ta kamar tana zolayarsa. Ƙafafunsa duk yashi ne.

"A gida yaya take sanin abin da za a yi da safe?" Madam ta tambaya.

Ya zaro wata shuɗiyar igiya daga aljihu, tsawon kamu ɗaya. Ya ce kullum da asuba yana ƙulla mata ƙulli. Wanka ƙulli ɗaya, koko ɗaya, tafiya rumfar ɗinki ɗaya. Duk abin da ta gama sai ta kwance ƙullinsa. In igiya ta miƙe, aiki ya ƙare, ba mai ƙara mata komai.

"Ko sau ɗaya ban taɓa yi mata ƙarya da igiyar nan ba," in ji shi.

"Na yi shekara shida a jami'a ina koyon katunan hoto," in ji Naa Dedei, "ashe malamin yana Anomabo yana wari-warin kifi."

Tsohon ya ɗan murmusa. "Ke dai 'yar Accra, kifin da kike ci soyayye ai da warin ya fara."

Madam ta zana mana tsarin a allo. Ƙulli biyar: zama a kujera, buɗe baki, allurar kashe zafi, cire haƙori, cizon auduga a tafi gida. Ba gaisuwa. Ba turare. Ba fanka, ba babbar fitila. Sannan ta zo ga dokar da ta fi yi mana wuya.

"A fada wa yake magana da jama'a, sarki ko mai magana da yawunsa?"

"Mai magana da yawunsa."

"To murya ɗaya Araba za ta ji, ta mahaifinta. Dokta, in kana da magana ka raɗa wa Efua, Efua ta raɗa wa Egya. Kuma ba aikin da za a yi in babu shi a igiya."

"Shekara ashirin ina cire haƙori, yau kuma sai na nemi izini wajen igiya?"

"Ai sarauta muka ba ka, Dokta," na ce. "Sarki ba ya magana."

"Sarkin da ba ya magana kuma ba a ba shi tukuici."

Aka zaɓi Talata, ranar da ba a shiga teku, ranar da masunta ke zama su ɗinke komarsu da kansu, Egya ba shi da sauri. Kafin nan mai haɗa magani ya samo maganin ruwa marar ɗaci da za a zuba a koko don kumburin ya ɗan sauka. Naa Dedei ta ɗauki hoton kowane mataki. Mai kula da jin daɗin jama'a ya shirya motar da ba za ta kunna rediyo ba. Kowace safiya Egya yana kawo Araba da igiya mai ƙulli ɗaya, sannan biyu: ta zauna a kujera, ta kwance, ta tafi. Da yamma kuma mu gwada a junanmu, ni a kujera a matsayin Araba. Sau goma sha ɗaya Dokta ya manta ya ce "buɗe baki," sau goma sha ɗaya Madam ta ce a koma farko.

Ranar Asabar na bi su rumfar ɗinki don Araba ta saba da fuskata. A nan na fara jin tsoronta, irin tsoron da mutum ke ji a gaban abin da ya fi ƙarfin saninsa. Koma ce shimfiɗe, ta fi filin ƙwallo tsawo. Araba ta bi ta da yatsu, idonta a kan teku, ta tsaya cak a kan wata 'yar ɓaraka da ni ban gani ba sai da na durƙusa. Hannunta ya yi wani motsi da ido ba ya iya bi, ɓarakar ta rufe.

"Jirage tara ke jiran ta," in ji Egya. "Ni yanzu ɗan rakiya ne."

Talata da ƙarfe tara na safe suka shigo. Mu huɗu ne kawai a ɗakin, sauran suna waje suna tare hanya kada wani ya buɗe ƙofa. Ba wanda ya ce sannu. Harshena har ƙaiƙayi yake.

"Zauna, Araba," in ji Egya.

Ta zauna. Ta kwance ƙulli na farko.

Naa Dedei ta ɗaga hoton baki buɗe. Araba ta buɗe. Na ga gefen idon Dokta ya motsa da ya hango abin da ke ciki. Ƙulli na biyu.

Allura ce muke tsoro. Na shafa mata maganin rage zafi a dasashi, Egya ya ɗora tafinsa mai kaushi a gwiwarta yana ƙirga a hankali. Ta yi nishi, ƙafafunta suka miƙe, yatsunta suka damƙe igiyar. Allura ta fita. Ta kwance na uku.

Dokta ya kama haƙorin. Ya girgiza, ya juya, ya ja. Sai muka ji ƙas.

Haƙorin ya fito, amma ba duka ba. Saiwa ɗaya ta karye ta zauna a cikin ramin, daidai inda ruɓar take. Kafin wani ya ankara, Araba ta ga haƙori a cikin tire, ta rufe baki, ta kwance ƙulli na huɗu. Saura ɗaya: auduga, gida.

Na ga hannun Dokta ya tashi da ƙarfen tono. Daƙiƙa talatin suka ishe shi, ni na sani, shi ya sani. Kan Araba yana nan kusa da gwiwar hannuna, in na danna sau ɗaya an gama. Gumi ya zubo masa ta gefen kunne. Ya dubi bakin, ya dubi igiyar.

Ya ajiye ƙarfen.

Ya sunkuyo ya raɗa mini, "Saiwa ta saura. In ta kwana a ciki, aikin banza muka yi."

Na raɗa wa Egya. Tsohon ya lumshe ido. Ya miƙa hannu wajen igiyar, ya janye. Shekara ashirin da biyu bai taɓa ƙara ƙulli bayan an fara ba.

Naa Dedei ta ɗauki tiren a hankali ta riƙe a gaban Araba, da ƙaramin madubi a gefe.

"Araba," in ji Egya. "Bai fito duka ba. Saura guntu. Babu shi a igiya. Ba zan sa a taɓa ki ba."

Ta fara lilo gaba da baya. Wani gunji ya taso daga ƙirjinta, irin na ranar Alhamis kafin ya fashe. Madam Dzifa tana bakin ƙofa, ta ɗaga yatsa ɗaya: kowa ya tsaya. Muka tsaya. Ina jin agogon bango, ina jin teku daga nesa.

Araba ta sa yatsa ta juya haƙorin a cikin tire. Ta shafa gefen da ya karye, yadda na ga tana shafa koma. Ta sake shafawa. Gunjin ya tsaya.

Ta ɗaga igiyar. Yatsunta suka yi motsin nan da ido ba ya bi, sai ga sabon ƙulli a gaban na ƙarshe, ƙarami, matsattse, irin nata ba irin na mahaifinta ba. Ta jingina kai, ta buɗe baki.

Dokta Brew ya tsaya kamar wanda aka kira sunansa a coci. Sai da na taɓa masa gwiwar hannu ya ɗauki ƙarfen. Saiwar ta faɗo cikin tire, baƙa, ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba.

Ta kwance ƙullinta. Ta ciji auduga. Ta kwance na ƙarshe, ta ja igiyar ta miƙe, ta miƙa wa mahaifinta, ta fita da ƙafarta ba tare da ta dubi kowa ba.

Egya ya tsaya a ƙofa, igiyar a hannu. Ya buɗe baki zai yi godiya, ya tuna doka, ya rufe. Sai ya ɗan sunkuyar da kai ga kowannenmu, daga dama zuwa hagu, ya bi 'yarsa.

Dokta ya zauna a ƙasa, a kan siminti, da farar rigarsa.

"Madam," in ji shi, "yanzu an yarda sarki ya yi magana?"

"Faɗi."

Ya dubi tiren.

"A'a," in ji shi. "Bar shi kawai."

Ranar Juma'a Egya ya aiko da kwandon kyafaffen kifi da saƙo: Araba ta ci dunƙulen dokunu biyu, tuwon masarar nan, da barkono, kuma tun Laraba ita ke ƙulla igiyarta da kanta.