Rabin Ƙwarya

Tun da shabaka, wato sabis ɗin waya, ta ɗauke a ƙauyukan Wad Haddad, waya ta koma abin haska tukunya kawai, shi ma sai an samu caji. Ruqayya, wadda yaƙi ya koro daga jami'a a Madani, ta dawo gida da jaka ɗaya da baki fal labari. Tun tana makaranta take gina wata duniya a kanta, ƙasar da babu ƙarfe a cikinta, babu waya, babu mota. Yanzu kuwa ba mai taruwa bayan magariba, don haka da rana take ba matan unguwa labarin, a gindin darbejiya, suna ɓarar gyaɗa.

Gwaggo Widad, tsohuwar unguwar, ba ta so hakan ba. "Ya bitti, ɗiyata, ba a tatsuniya da rana. Abin da ka yawo da azahar shina da kunne."

"Gwaggo, wagga ba tatsuniya ba ce, riwaya ce," in ji Ruqayya tana dariya. 'Yan jami'a dai ba sa rasa sabon suna ga tsohon abu.

Inda labarin ya cije mata shi ne yadda mutanen ƙasar za su yi magana da na nesa. Ta ƙirƙiro ganga mai magana, matan suka ce abokan gaba za su ji. Ta kawo tantabaru, suka ce ai cikin yunwa miya za a yi da su. Ta ja igiyar auduga daga gari zuwa gari, Gwaggo Widad ta ce ko awaki sun isa su katse ta. Matan nan sun ga yadda hanya take mutuwa, ba a yi musu wayo.

Mahaifiyar Ruqayya, Zamzam, tana zaune a gefe kullum, ba ta sa baki. Ɗanta na fari, Saifuddeen, yaron mota ne tsakanin Managil da Sinnar. Ya fita tun kafin a yanke dawa da ciwo a ƙafa, har yau babu labarinsa. Abin da ya fi ci wa Ruqayya rai shi ne uwar ba ta iya ko tambaya. Kunyar ɗan fari ta gada daga kakanninta: ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa wasa a gaban mutane ba. Kakarsa ce ta raine shi, shi ya sa ma Yaya yake ce wa uwar da ta haife shi. Idan direba ya shigo gari, sai dai ta tsaya a bakin zana ta ce, "Kun ga mutanen hanya?"

Ranar nan Ruqayya ta dubi ƙwaryar da take zuba gyaɗa, dabara ta faɗo mata. A ƙasar tata, ta ce, duma guda ake fafewa biyu. Matafiyi ya tafi da rabi, na gida ya riƙe rabi. Idan ana son magana, sai a je bakin ruwa mai gudu da tsakar rana, a kifa ƙwaryar a kan ruwan, a sa baki a kira cikakken sunan mutum. Ruwa ba ya katsewa, kuma ba mai tare shi a shingen hanya.

Wannan karon ba wadda ta yi gardama. Zamzam ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta, ta ce za ta duba wuta.

Bayan ta shige ne Gwaggo Widad ta tambaya. "To in matahiyi bai tahi da rabinai ba fa?"

Ruqayya ba ta yi tunanin wannan ba. Ta faɗi abin da ya fara zo mata, don ta ga sun tsorata. "Sai matattu kaɗai ka amsawa. Su ba su buƙatar riƙe komi."

Matan suka yi salati suna dariya. Tsohuwar kaɗai ce ba ta yi ba, ta tofa a cikin wuyan rigarta ta ci gaba da ɓara.

Washegari da azahar Ruqayya ta nemi uwarta ta rasa. Rana ta take, kaji sun laɓe, garin ya yi tsit. A jikin bangon madafa akwai ƙusa biyu inda ake rataye ƙwaryoyin da Zamzam ta fafe daga duma ɗaya bara. Ƙusa ɗaya babu komai. Ruqayya ta sauko da ɗayar ƙwaryar ba tare da ta san dalili ba, ta bi hanyar tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonaki.

Daga nesa ta hango uwar durƙushe a bakin ruwa, ƙwarya a kife a gabanta. Kunya da tausayi suka kama Ruqayya tare. Ta buɗe baki za ta ce, Inna, ƙarya ce fa, ni na shirya, sai ta ji abin da ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta.

"Saifuddeen."

Sunan ya fito a karkace, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Zamzam ta waiga dama da hagu kada wani ya ji, ta sake sunkuyawa ta ƙara kira.

Kwaɗin da ke cikin ciyawa suka yi shiru. Ƙwaryar ta tsaya cak a kan ruwan da ke gudu, ba hannu a kanta. Daga ƙarƙashinta murya ta taso, ƙasa-ƙasa, da 'yar shaƙewar nan ta mai kiran fasinja.

"Na'am, Yaya."

Ruqayya ta kasa kunne. Ba ta ji sauran ba, don uwar ta manna kunnenta a bayan ƙwaryar, tana gyaɗa kai, hawaye na ɗiga a ruwa. Ruqayya ta shiga faɗa wa kanta cewa labarin nata ne, ita ta kafa dokar, ita za ta iya sauya ta. Ta motsa leɓe tana cewa masu rai ma suna amsawa, masu rai ma suna amsawa. Amma ta riga ta faɗi ta farkon a gaban mutane, da rana tsaka, kuma ta san an ji.

Zamzam ta ɗago ta gan ta. Fuskarta a sake, rabon da Ruqayya ta ga haka tun kafin yaƙi. Ta yi saurin goge ido, kunyar ta dawo mata.

"Wancan na lahiya," ta ce. "Ya ce ƙahwar ta bar ciwo. Ya ce ba shi jin yunwa, ba shi jin ƙishi, kuma inda shike babu harbi ko kaɗan. Alhamdulillah. Allah shi yi miki albarka, ɗiyata."

Ta miƙe da ƙwaryar tana ɗigar ruwa, sannan idonta ya sauka a hannun 'yarta.

"Mi kika yi da 'yar'uwatta a nan?"

Ruqayya ta mayar da rabin ƙwaryar bayanta. "Ruwa niz zo ɗiba, Inna."

"To ɗebo mu tahi. Gobe ki ƙarasa mamu labarin, jiya na tashi ban ji ƙarshe ba."