Sunan da Alhaji Daudu Ba Ya Faɗa

Da hantsi saƙon gargaɗi ya shigo wayar Batulu, mai kula da kwamfutocin wani ɗakin gwajin jini a Kazaure. An gano wata kafa a manhajar da ke tafiyar da kwamfutocinsu. Da zarar mutum ya taɓa fayil ɗin da ɓarawo ya turo, kwamfutar da kanta za ta miƙa masa sunan shiga da kalmar sirri, ko sallama babu.

Nan take ta tuna. Jiya-jiyan nan Alhaji Daudu, mai wurin, yake mita wai an turo masa katin ɗaurin aure ya ƙi buɗuwa. Shi kuwa Alhaji, ko aljani ne ya aiko da gayyata sai ya duba.

Ta leƙa ma'ajiyar da suke adana sakamako a intanet. Wani baƙo ya riga ya shiga da sunan Alhaji, yana lalube. A ciki akwai gwajin kafin aure na mutanen Kazaure, Roni, Gwiwa har Babura, kowa da sunansa. In wannan ya fita, akwai gidajen da ba za su sake ɗaga kai a unguwa ba. Zare wayar kwamfuta daga bango ba zai yi maganin komai ba, sai dai a canza kalmar sirrin, kuma sai da tsohuwar ake saka sabuwa.

Alhaji yana Roni wajen ta'aziyya. Ta kira shi.

"Baba, don Allah kalmar sirrinku nake so, yanzun nan. Ɓarawo na cikin sakamakon mutane."

Can ya ce, "Sunan yaron nan ne."

Batulu ta runtse ido. Ɗansa na fari yake nufi, wanda ya rasu tun kafin ta fara aiki a wurin. Alhaji mutum ne irin na da, bai taɓa kama sunan ɗan fari da bakinsa ba, yana raye ko bayan ransa. Ashe kullum da safe da yatsu yake kiransa.

"To ku rubuto mini, Baba."

"Tabarauna yana kan teburina, 'yar nan. Ba na ganin komai."

Ta gwada Lauwali, tunda ɗan fari ne. Kwamfutar ta ƙi, ta kuma yi kashedin in aka sake kuskure za ta kulle. A allon, baƙon ya buɗe sakamakon watan nan, ya fara kwashewa.

"Baba, ya fara ɗiba. Akwai na 'yar maƙwabcinku da za a ɗaura wa aure Juma'ar nan. Ku yafe mini, wallahi da akwai wata hanya da ban tambaye ku ba."

Tana jin masu ta'aziyya suna shafa fatiha a bayansa. Ta ji takunsa yana barin wurin, sannan numfashinsa kawai.

"Haladu," ya ce, muryarsa ta karye.

Ta buga, ta canza kalmar, ta kori duk wanda ke ciki. Kwashewar ta tsaya tun fayil na farko bai gama fita ba.

"An rufe, Baba. Ba abin da ya fita."

Bai kashe wayar ba. Batulu ta zauna da ita a kunne, hawaye na zubo mata, tana jin dattijon yana ta maimaita sunan a hankali, kamar yaron zai amsa.