Kayan da Majo Ya Ɗaura a Moto

Kiran ya shigo bayan la'asar, Majo Hamissou, tsohon malamin asibiti, yana zaune a zauren gidansa a Magaria yana jiran magariba, aikin da ya rage masa ke nan tun da ya bar likita shekara huɗu da suka wuce. Sidi ne, ƙanen mijin yayarsa Baturiya. Yana magana yana haki, don a Garin Daso sai an hau tudun yashi na gabas salula ke samun rezo.

Sidi ya gaishe shi, ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya sake tambayar gida. Sannan ya ce, "Majo, jikin Yaya ne. Yau kwana uku tana masassara. An ce ka taho."

"Tana magana?"

"To... ka dai taho, Majo."

Rezo ya ɗauke. Majo ya kira sau shida, wata mata a cikin salular tana ba shi haƙuri da Faransanci.

Ya san wannan kira. Shekara talatin da ɗaya yana aiki a ɗakunan shan magani na ƙauye, shi kansa ya yi irinsa fiye da yadda zai ƙirga. Mutanenmu ba sa faɗa wa wanda zai hau hanya mutuwa, wai kada ya faɗi kafin ya iso. Sai a sa suruki ya kira, ba ɗa ba, ya ja gaisuwa, ya ce jiki ne. Haka aka yi masa shekara tara baya. Yana Damagaram wajen wani horo aka ce matarsa Saratou ba ta jin daɗi. Ya tsaya farmasi ya cika leda da magani, ya iso gida ya tarar maza suna wanke ƙafa daga maƙabarta. Har yau yana tuna yadda aka rasa wanda zai karɓi ledar daga hannunsa. Tun ranar ya yi wa kansa alkawari ba za a sake lallaɓa shi kamar yaro ba.

Don haka bai zauna yin tababa ba. Ya yi salati, ya sa takalmi, ya tafi kasuwa kafin a rufe shaguna. Ya sayi farin yadi mai kyau wanda zai isa suturar mace, ya sayi turare da kafur. A Garin Daso sai an jira ranar kasuwar Guci kafin a ga farin yadi, kuma ba zai yarda a naɗe Baturiya da abin da aka aro daga maƙwabta ba. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Ita ta sayar da akuyarta ta sa shi lekol, makarantar boko, ta kuma zane shi duk ranar da ya gudu. Da aka aurar da ita ga Yero makiyayi can bayan Guci, kwana biyu bai ci tuwo ba.

Ruwan watan takwas ya yanke hanyar mota, sai moto mai ƙafa biyu. Ya aika aka kira Ɗantsoho, ɗan kabu-kabu mai furfura a gemu, wanda Majo ya taɓa ɗinke wa ƙauri bayan ya yi karo da amalanke.

"Garin Daso da dare, Majo? Ko rana ma sai mai laifi ake turawa can."

"In mun isa da asuba za su jira ni."

Ɗantsoho ya ɗaura bido biyu na esansi, man moton, da famfo, da tsohon tif na taya. Majo ya fito da ƙullin yadin a hannun dama, a hagu kuma jakarsa ta fata, wadda har yanzu yake cika ta da allurai da ledojin ƙarin ruwa saboda maƙwabta ba su yarda ya bar aiki ba.

"Ɗaya, Majo," in ji Ɗantsoho. "Moto ce, ba kura ba."

Kwalaben allurar masassara ƙanana ne, aljihun riga ma zai ɗauke su. Majo ya san haka. Bai ko buɗe jakar ba. Ya mayar da ita ɗaki, ya rataye a ƙusa, ya kulle ƙofa.

Suka tashi bayan isha'i. Har Dungass akwai abin da za a iya kira hanya. Daga nan sai yashi, da gero ta dama da hagu wanda ya fi mutum tsawo, ganyensa yana marinsu a fuska. Fitilar moton tana haska taku goma, bayan nan duhu. Hanyar da Ɗantsoho ya sani ta rani ce, manoma kuwa sun shuke ta tun ruwan fari. Sau biyu suka kutsa gonar mutane suka fito ta inda suka shiga.

"Kowace shekara sai sun ci taku ɗaya," in ji Ɗantsoho yana juya kan moton. "Watarana har kwaltar gudoro za su shuka wa wake."

Daga ƙarshe suka kama burtali, suka bi sawun shanu. Wajen tsakar dare suka iske tafki ya kwanta a kan hanya, kwaɗi suna ta hayaniya. Ɗantsoho ya naɗe wando ya shiga da sanda, ya ce iyakar gwiwa ne. Iyakar cinya ne. Moton ta mutu a tsakiya, suka tura ta su biyu, Majo ya ɗora ƙullin a kai don kada ya jiƙe. A ɗaya gaɓar Ɗantsoho ya kwance buji, filogin injin, yana gogewa da bakin riga, Majo yana haska masa da salula, sauro yana cin su ba gaggawa.

Ɗantsoho ya shaƙi iska. "Majo, tun Magaria nake jin ƙamshin nan. An ce ta rasu ne?"

"Ba a ce ba."

"To?"

"Kai ka taɓa jin an ce?"

Ɗantsoho ya hura bujin. "Haka ne," ya ce. "Ni ma ranar tsohuwata cewa aka yi tana son ganina. Allah ya jiƙanta, Majo."

"Amin."

Shi ne mutum na farko da ya yi masa gaisuwa, kuma daga nan abin ya zauna masa a ƙirji. Da moton ta tashi suka hau tuddan yashi na wajen Guci, inda taya ke nutsewa sai mutum ya sauka ya bi ta da gudu, Majo ya yi kukansa a bayan Ɗantsoho. Ƙarar injin ta rufe masa asiri. Ya tuna shekara uku rabonsa da zuwa, kullum yana cewa sai bayan damina, sai bayan salla. Ya tuna tulun man shanun da take aiko masa, shi kuma ya aika da gaisuwa. Ya shirya abin da zai ce wa 'ya'yanta. Har ya zaɓi inda zai tsaya a sahun jana'iza.

Suka kwanta sa'a ɗaya a gindin wani gawo da ba ganye ko ɗaya a kansa, suka tashi da ƙarangiya a riga. Suka yi asuba da ruwan buta, suka ci gaba. Rana tana fitowa suka hango gorubobin Garin Daso.

Abin da ya fara shiga kunnen Majo da aka kashe moto shi ne daka. Taɓarya biyu, daga cikin gidan Yero. Ba a daka a gidan mutuwa. Ya duba ƙofar gida, ba tabarma ko ɗaya, ba maza, sai maruƙa a ɗaure da hayaƙi yana tashi ta bayan danga.

Sidi ya fito da sauri yana gyara hula. "Alhamdu lillahi, Majo ya iso. Tun dare take kiran sunanka."

Kafin Majo ya sami bakinsa, mata sun fito tarbar baƙo. Ba a barin baƙo da kaya a hannu. Mubaraka, matar babban ɗan Baturiya, ta durƙusa ta gaishe shi, ta karɓi ƙullin ta yi gaba da shi ɗakin mara lafiya, tana cewa da na ciki, "Ga Kawu ya zo da magani."

Baturiya tana kwance a gadon kara, ta rame, leɓunanta sun tsage. Majo ya durƙusa ya kama wuyan hannunta, ya ja fatar idonta ƙasa, ya taɓa goshi. Hannunsa ya yi aikinsa shi kaɗai. Masassarar damina ce mai tsanani, wadda ya yi wa ɗaruruwan mutane magani, kuma ba ta riga ta gama hawa kai ba. Ya san allurar da ake bukata, ya san nawa za a ja, ya san aljihun jakar da take ciki.

A bayansa Mubaraka ta kwance ƙullin. Ƙamshin kafur ya cika ɗakin. Ɗaya daga matan da ke bakin ƙofa ta ja da baya.

Baturiya ta buɗe ido. "Auta, kai ne?"

"Ni ne, Yaya."

"Me ka kawo mini?"

Ta juya kai a hankali ta ga farin yadin a cinyar Mubaraka. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙa hannu, Mubaraka ba ta san yadda za ta hana ba, ta matso da shi. Tsohuwar ta murza gefen da yatsa biyu, yadda take yi a kasuwa.

"Wannan ba na Guci ba ne," ta ce. "Mai kyau ne. Kai da ko ɗankwali sai na roƙa."

"Yaya, cewa aka yi..."

"Tun kana yaro haka kake. Ba ka jira a gama magana." Ta lumshe ido. "Ku ajiye shi inda akuya ba za ta taka ba."

Majo ya fita waje. Ya yagi takarda daga littafin aljihunsa ya rubuta sunan allurar da ƙarin ruwa. Ya ba Ɗantsoho, wanda bai ko sha ruwa ba, ya ce ya sayo a Guci. Guci sa'a uku ce da wannan ruwan, dawowa uku. Ɗantsoho ya dubi takardar, ya dubi Majo, bai yi wasa ba wannan karon. Ya juye bido na ƙarshe a tanki ya tafi.

Sidi yana tsaye jikin rumbu.

"Me ya hana ka ce mini tana da rai?"

"Majo, ai na ce jikinta ne."

"Me ya sa kai ka kira? Ina ɗanta?"

"Yana daji da shanu. Ni kaɗai ke da salula a garin nan." Sidi ya sunkuyar da kai. "Da ka tambaya ko tana magana, a lokacin ba ta yi. Ban so in yi maka ƙarya."

Majo ya koma ɗaki ya yi abin da kowace tsohuwa a garin za ta iya yi ba tare da shekara talatin da ɗaya ba. Ya jiƙa tsumma ya ɗora mata a goshi. Ya dama gishiri da sukari a ruwa yana ɗiga mata da ludayi. Da hantsi ta yi magana kaɗan, ta tambayi ko har yanzu yana cin abincin kasuwa, ta ce ya rame. Daga baya ta fara kiransa da sunan babansu. Wajen azahar jikin ya sanƙare sau biyu, ya riƙe ta a gefe don kada ta shaƙe, yana duba agogo kamar agogon yana da abin yi. Kafin la'asar, Ɗantsoho bai dawo ba tukuna, ta cika, kanta a hannunsa.

Ba a ɓata lokaci ba, tunda komai yana nan. Mata suka yi wanka, maza suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida suka yanka yadin. Ya isa har ya yi saura. Aka kai ta, aka dawo rana ba ta faɗi ba.

Aka zaunar da Majo kusa da liman. Mutanen rugage suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yi masa gaisuwa, kowa ya zauna sai a ba shi labari a hankali: daga Magaria, ta salula kawai, Majo ya gane ba mai tashi ba ce, ya taho da suturarta a cikin dare. Wani dattijo ya ce shi bai taɓa ganin mace ta tafi da yadi irin wannan a garin ba. Liman ya gyaɗa kai, ya ce ilimi ba ƙarya ba ne, ya ce Allah ya ba kowa ɗan'uwa mai tunani haka.

"Ba sani ba ne, Malam," in ji Majo.

"Ka ji kuma," liman ya ce da dattijon. "Ga sani, ga kawaici."

Aka ɗaga hannu aka yi fatiha, Majo ya ɗaga nasa tare da su.