Niyyar Malam Muntari

Tun kafin ta shafa addu'ar asuba Badi'a ta jiyo su. Ƙafafu wajen talatin suna dukan ƙasa a tare ta bayan katangarta, wani yana ja musu baki da kabbara, sauran suna amsawa cikin haki. A cikin muryoyin nan tana iya tsamo ta mijinta, Malam Muntari, kamar yadda ake tsince tsakuwa a shinkafa. Ta matsa tafin ƙafarta da yatsa, ta ji kamar ƙafar wata ta taɓa.

Rana ɗaya aka gwada su a asibiti, bara da kaka. Cuta iri ɗaya aka samu, suga da hawan jini, kuma ma'aikaciyar, wata Ikilima mai saurin magana, shawara ɗaya ta ba su: a rage tuwon dare, a yi tafiyar rabin awa kullum har gumi ya tsattsafo. Muntari ya dawo ya shiga 'Yan Himma, mazan da ke haɗuwa a filin firamare na nan Kabo bayan sallar asuba. Ita kuwa ta dawo ta shiga ɗaki.

Ba gudu kaɗai suke yi ba. Duk farkon watan Musulunci, in sun gama tsalle-tsallensu, sai su zauna su yi da'ira, kowa ya miƙe ya faɗi niyyarsa ta wata a gaban 'yan'uwa. Wannan zai haddace izu guda, wancan zai bar sigari, wani zai riƙa gaida mahaifiyarsa a Gammo duk Juma'a. Ƙarshen wata a tambaye ka, in ka saɓa ka zagaya fili sau goma ana yi maka dariya. Abin ya karɓi Muntari. Tumbi ya zube, har ya koma hawa keke zuwa gona. Badi'a takan dube shi ta ji wani abu ya tokare mata ƙirji, wanda ba hawan jini ba ne. Shekara talatin ba ta taɓa yi masa ƙyashin komai ba, yau ga ta tana ƙyashin guminsa.

Sau uku tana neman izini. Ba gudu ta ce za ta yi ba, hijabi kawai za ta zuba ta taka zuwa bakin fadama ta dawo. Ya ce matar da ta aurar da 'ya'ya ba ta yawon safe kamar mai tallan koko, me mutane za su ce. Ya ce aikin gida ma motsa jiki ne, iyayenmu da daka suka yi tsawon rai. Ita dai ta san uwarta tana dakan ta faɗi, ba ta kai hamsin ba, ba kuma wanda ya taɓa gwada jininta. Tsakar gidan taku tara ne. Ta gwada zagaya shi, jiri ya kwashe ta, ta zauna a kan turmi awaki suna kallonta.

* * *

Da watan Rajab ya kama, ya shigo da fara'a yana goge wuya da tawul, ya ba ta labarin niyyar da ya ɗauka. Zai tayar da mara lafiya guda ya koya masa tafiya, saboda Allah. Har kabbara aka yi masa. Ta ɗauka ita yake nufi, ta ajiye ludayi, ta gyara ɗankwali kamar wata yarinya.

Dabo ya zaɓa, tsohon maƙerin ƙarshen layi da ɓarin jikinsa ya shanye.

Ta kafar ƙyauren zaure take hango su kullum. Muntari ya tallafe tsohon, yana rage taku, yana cewa sannu Baba, saura kaɗan, har da 'yar tsokana. Rabonta da jin wannan muryar tun tana amarya. Ta san Dabo abin tausayi ne, ita ma takan aika masa kunu. Duk da haka sai ta kama kanta tana fatan ya gaji ya ce ya fasa. Ta yi istigfari, gobe ta sake.

"Malam, ni ma fa mara lafiya ce," ta ce ran nan tana miƙa masa ruwa.

"Ke ai ta gida ce. Naki wajibi ne, ba ya shiga niyya."

"To wajibin yaushe za a fara shi?"

Ya yi dariya. "Yanzu da Dabo kike kishi? Mutumin da ƙafarsa ɗaya ke kabari?"

"Ɗayar dai tana taka waje."

Ya ce ta cika baƙar magana, ya shanye ruwan ya fita. Kafin azumi Dabo ya dogara sanda shi kaɗai har masallaci, liman ya ambaci sunan Muntari a wa'azi.

* * *

Kwana shida bayan ƙaramar sallah, tana cikin tankaɗe rariya ta suɓuce daga hannunta na hagu, baki ya karkace. Ta yi kwana tara a asibiti. Ikilima ta tambayi Muntari ko ana yin tafiyar nan da aka ce, ya ce tana ƙoƙari a cikin gida. Badi'a tana jin su, harshe ya ƙi juyawa.

Da sabon wata ya tsaya, ya miƙe a da'ira ya ɗauki niyyar jinyar matarsa har ta taka. An ce wasu har da hawaye. 'Yan Himma suka rako shi gida, suka tsaya can nesa cikin ladabi don su shaida ranar farko.

Da hannunsa ya sa mata hijabi, ya tallafo ta zuwa zaure, ya wangale ƙyaure. Ga hanya nan fetal, rana ba ta yi zafi ba tukuna.

"Bismillah, Badi'a. Duk inda kike so, na ba ki izini."

Ta daɗe tana duban hanyar, sannan ta yunƙura. Ƙafar hagu tana nan saƙale a dokin ƙofa. Takalmin ya zame ya kife a ƙasa, ba ta ma ji fitarsa ba.