Sakin Layi na Uku

"Ki kai wa Zaka ya fitar miki a takarda mai sunan kamfani, ya buga hatimi. In na dawo daga masallaci sai in sa hannu."

Alhaji Badaruddeen ya faɗi haka yana laluben takalminsa a ƙarƙashin tebur. Bai ko kalli takardar da Hussaina take miƙa masa ba. Ya fice ya bar ta tsaye.

Shekara uku tana aikin akanta a wannan kamfani mai sayar da rodi da siminti a kasuwar Dei-Dei, amma sai yanzu ta tuna cewa hatimi da takarda mai sunan kamfani a aljihun teburin Baba Zaka suke kwana.

Jami'o'i biyu take nema don yin digiri na biyu a kan harkar kuɗi. Ɗaya a nan Abuja, karatun ranar Asabar, duk wanda ya cike fom ya shiga. Ɗayar a Ingila, da tallafin da zai ɗauki komai har kuɗin jirgi, kuma yau ƙarfe biyar za a rufe karɓar takardu. Su na Ingilan sun ce sai shugabanta ya rubuto wani aiki guda da ita da kanta ta ƙirƙira. Da ta gaya wa Alhaji, sai ya ce abin da kowane oga yake cewa: ta rubuta abin da take so, shi nasa sa hannu.

Kwana huɗu tana rubutawa tana gogewa. Ba ta taɓa ƙirƙirar komai ba. A rana ta biyar ta rubuta sakin layi na uku.

Shekarar da dala ta riƙa tashi har farashin rodi yana canzawa sau biyu a wuni, maƙwabtansu da yawa sun rufe shago. Zacharias, mai kula da sito, wanda kowa yake kira Baba Zaka, shi ya zauna da biro da tsohon littafi ya tsara lokacin da za a sayo kaya da yawan da za a ajiye. Tsarin ya tsallakar da su. Ita abin da ta yi shi ne ta shigar da shi kwamfuta. A sakin layi na uku kuwa, Hussaina Labaran ce ta yi komai.

Ta same shi a ɗan ofishinsa na bakin sito, ƙurar siminti har a girarsa. Sabo direba yana jingine da ƙofa yana jiran takardar ɗaukar kaya.

"'Yar Ingila!" in ji Baba Zaka. "Kawo, kawo. Yau ne ko?"

"Yau ne, Baba. Ka ba ni takardar kawai, ni zan fitar a wajena."

"A'a. Abin da ban karanta ba, hatimina ba ya hawa kansa. Ko Alhaji ya san wannan."

Ya karɓa, ya saka tabarau. Shi ba ya karatu a zuci, ko rasit ne sai an ji. Ya fara da ƙarfi cikin Turancinsa na makarantar mishan. Ya wuce sakin layi na farko, ya wuce na biyu yana gyaɗa kai. Hussaina ta kafa ido a kan kalandar da ke bango. Ta ji muryarsa ta shiga na uku, ta yi layi biyu, ta rage gudu. Bai tsaya ba. Ya karanta har ƙarshe.

"Oga Zaka, a fassara mana mana," in ji Sabo. "Mu ma mu ji abin da za a kai wa Turawa."

"An ce ita ta fitar da tsarin da ya hana kamfani rufewa lokacin tashin dala."

Sabo ya saki ƙofa ya miƙe sosai. "Allah? Hajiya Akanta, ashe ke ce! Wallahi lokacin nan har na fara tambayar aikin tifa a Mpape. Kina zaune shiru-shiru kamar ba ki iya komai ba. Allah ya saka miki, ya ba ki miji mai tirela goma."

"Tirela goman, kai ka tuƙa wacce?" in ji Baba Zaka. Ya miƙa masa takardarsa. "Tafi, mutanen Gwarinpa suna jiran ka tun safe."

Ya rage su biyu. A waje ana sauke rodi daga mota, ƙararsa tana shigowa har cikin haƙora.

Baba Zaka ya ɗauki jan biro. Ta ce a ranta to, shi ke nan, zai soke. Sai ya zagaye kalma ɗaya.

"Nan kin ce wata biyu. Wata bakwai ne. In za ki faɗa, ki faɗa daidai." Ya cire tabarau ya dube ta. "Za su yi miki intabiyu?"

"Za su yi."

"In Bature ya ce, me ya sa kuka daina sayen rodi a farkon wata kuka koma tsakiya, me za ki ce?"

Lambobin duk ta san su, ita ta buga su. Dalilin ne ba ta taɓa tambaya ba.

"Ja kujera," in ji shi.

Ya juya wata tsohuwar takardar kaya ya fara zane a bayanta. Ya nuna mata lokacin da 'yan kwangila suke samun biya su rufto kasuwa, da lokacin da masu kawo kaya suke matsuwa su sauke farashi. Ya gaya mata inda ya yi kuskure a wata na uku, har siminti ya daskare musu a sito. Ya sa ta maimaita sau biyu. Da ma zagin ta ya yi, da ta fi samun inda za ta sa fuskarta.

"Baba," ta ce, "aikinka ne."

"Na sani mana. Ni ina za ni da shi? Shekarata hamsin da takwas, difloma gare ni. Ke ki kai shi inda za a gani."

Ta koma teburinta da takardar a hannu, ta zauna tana kallon kwamfuta har aka fito daga sallar azahar. Sannan ta goge sakin layi na uku. Ta rubuta cewa Mista Zacharias ne ya tsara, ita kuma ta yi aiki a ƙarƙashinsa ta mayar da tsarin cikin kwamfuta. Layi uku kawai ya zama, abin tausayi.

Baba Zaka ya karanta sabon, wannan karon a zuci.

"Da wannan ba za su ɗauke ki ba."

"Wataƙila."

Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya fitar, ya buga hatimi. Tare suka shiga wajen Alhaji.

Alhaji ya ɗauki biro zai sa hannu, sai idonsa ya faɗa kan sunan. Ya janye biron. Ya bi layukan da yatsa a hankali.

"Wane tsari Zaka ya yi?"

"Na lokacin tashin dala, Alhaji," in ji Hussaina.

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ke yarinya! Ai ni na kawo wannan dabara. Ni na kira shi nan, nan wajen, na ce a daina saye a farkon wata. Ko ba haka aka yi ba, Zaka?"

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Baba Zaka. Ko ɗan jinkiri bai yi ba.

"To kin ji. Je ki gyara, ki sa shugaban kamfani. Ko ki sa ni da ke, ba komai, ai 'yarmu ce. Ki yi sauri, ina da baƙi."

Ya ja layi a kan sunan ya turo mata takardar.

Hussaina ta dubi Baba Zaka. Yana tsaye hannuwansa a baya, fuskarsa ba fushi ba mamaki, irin ta wanda ya daɗe da sabawa. Da wannan fuskar ya karanta mata sakin layinta ɗazu.

Ba ta gyara ba. Ta ninke takardar huɗu ta tura cikin jaka. Ƙarfe biyar saura kwata ta rufe shafin jami'ar Ingila, ta buɗe na karatun Asabar, ta fara cikewa. Suna, shekarar haihuwa, wurin aiki. Ba su tambayi abin da ta taɓa ƙirƙira ba.

Baba Zaka ya leƙo da makullan sito a hannu. Ya tsaya a bayanta ya karanta abin da ke kan allon.

"Na nan kika zaɓa?"

"Shi na zaɓa, Baba."

"Kowace Asabar?"

"Shekara biyu."

Sai da ta faɗa ta tuna. Asabar ce ranar da motoci suke layi har bakin titi, ranar da ba ta ko samun cin abinci.

"Ki cike kawai," in ji shi, yana neman makullin ƙofa a cikin sauran. "Teburinki ni zan riƙe."